Ɓarakar da ke Bayan Yaya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dayi, ni da yayana, da kwanon dambun nama da matarsa ta cusa mana. Yaya manomin auduga ne. Tun farkon damina ƙafafunsa suka fara nauyi, har ya koma tafiya da sanda biyu. Likitan Zariya ya ce ciwon a laka yake, cikin gadon baya, kuma wani ƙwararre daga ƙasar waje ya sauka Badun da kayan aikinsa, mu hanzarta kafin ya koma.

Hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa cike take da manyan motoci ɗauke da auduga, sun yi layi ƙofar gidan gurza. Yaya yana ta kushe audugar mutane ta taga. A Funtuwa muka hau jirgin ƙasa. A Minna doya kamar a ba ka kyauta, amma kwanon fura sai mai hali. Da muka hau gadar Jebba Yaya ya leƙa kogin Kwara, ya ce, "In suka tsaga mini baya ban tashi ba, ka riƙe mini yara." Na ce ya bar wannan magana, amma dambun bai ƙara shiga bakina ba.

A asibitin Badun aka kawo mana amala. Yaya ya juya ta, ya tambaya wa ya bar tuwo ya ƙone. Sai wata nas ta fashe da dariya, ta gaishe mu da Hausa tsantsa. Ashe Bayarabiya ce haifaffiyar Funtuwa, babanta na sayar da kayan keke kusa da tasha. Ita ta zama tafintarmu.

"Alhaji, ba za a tsaga ka ba," in ji ta. "Jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi ne suka haɗe inda bai kamata ba. Jini na bin yanke, lakarka na kumbura. Za a zura siririn bututu ta cinya, ana kallo a hoto, a toshe wurin."

Yaya ya ce, "Ɓaraka ke nan. Mu a lambu da laka muke toshe ta, ku kuma a laka kuke toshewa."

Ta yi ta ƙoƙarin fassara wa likita, ta kasa, likitan ya yi dariyar ladabi kawai.

Ranar aikin, ina zaune a benci ina jan carbi aka turo Yaya daga ɗakin tiyata, da 'yar filasta a cinya. Kafin a sallame mu ya kira ni ya ce in duba: babban yatsan ƙafarsa ta dama yana motsi. Likita ya gargaɗe mu cewa sauƙin a hankali zai zo, kuma dole mu koma a sake dubawa.

Mun iso Dayi da la'asar, Yaya ya sauka daga mota da sanda ɗaya. Maƙwabta suka cika zaure, kowa na son ganin ɗinki, babu. Wani ma ya ce anya ba yawon buɗe ido muka je ba.

Tafiyar ta koya mini cewa girman ciwo ba shi ke nuna girman wuƙa ba, kuma ɗan garinku na iya jiranka inda ba ka zata ba. Inna dai ba ta tambayi komai ba. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta ta ce, "Kada wanda ya kama shi. Ku bar shi ya tako gare ni."

Ya kuwa tako.