Larai Mai Daddawa da Ɗanta na Fari

Duk mai cin kasuwar Sabon Birni ya san Larai mai daddawa, in ma idonsa bai san ta ba, to hancinsa ya sani. Daga Gangara take zuwa da ƙwaryarta, ta zauna kusa da masu kuka da busasshiyar kuɓewa. Mace ce mai baki. Ka kushe mata daddawa, ta wanke ka tas, ta haɗa da mutanen gidanku. Amma akwai suna guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba, sunan ɗanta na fari, Hafizullahi.

Haka ta tashi ta tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in an ce naki ne sai ki sunkuyar da kai ki ce na kakarsa ne. Ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna, Larai kuwa Yaya yake ce mata. Da tsohuwar ta rasu, mijin Larai, Maliki, shi ma ya bi ta, sai renon ya dawo wuyan Larai, amma ba abin da ya sake. In za ta ba shi tuwo, ƙanwarsa Firdausi take miƙa wa, ta ce, "Kai ma wancan." Tana son sa kamar ranta, wallahi, sai dai duk a ciki.

Matan yanzu dariya suke mata. Maƙwabciyarta Sadiƙa takan ɗaga nata ɗan farin a gaban surukarta, ta sumbace shi, ta rangaɗa sunansa, ta ɗauke shi hoto ta watsa wa duniya. Larai ta ce, "Tir! Kunya dai ta ƙare." Sadiƙa ta ce, "Inna Larai, ke naki ko wuta ya taka ba ki iya ce mishi ɗaga ƙahwa." Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

Hafizullahi ya zama saurayi a lokacin da gonakin nesa suka gagara nomawa saboda 'yan bindiga. Samari ba aikin fari ba na baƙi, sai wuni a rumfar cajin waya. Ya yi wani aski kamar kaza ta tone masa kai, ya matse cikin wando. A da, kowane dattijon unguwa zai kama kunnen yaro ya murɗe. Yanzu wa zai fara? Kowa tsoro yake, ba ka san wanda ke bayan yaron ba.

Wata safiya Firdausi ta kawo mata waya tana ƙyalƙyala dariya. Ga Hafizullahi nan a ciki, ya naɗa baƙin rawani, ya rataya ƙotar fartanya da ya lulluɓe da tsumma kamar bindiga, yana kwaikwayon maganar mutanen daji, abokansa na shewa. Firdausi ta ce, "Wasa na, Inna, mutane sun kalla ba iyaka." Larai ba ta yi dariya ba. Ta san 'yan sa-kai ma suna da waya, kuma mutumin da ya binne 'yan'uwansa bai san wasa ba.

Ta yi niyyar yi masa magana, Allah ya sani. Ta je har ƙofar ɗakinsa, bakinta ya ƙi buɗuwa. Ƙarshe sai ta juya wajen akuyar da ke turke ta ce da ƙarfi, "A gaya ma mai kunne, wasan ga kai shika ci." Ya leƙo yana dariya ya ce, "Yaya, yau da akuya kike hira?" Ya sa takalmi ya fita. Tun daga ranar barcin kirki ya ƙaurace mata, ƙarar babur in ta tsaya a unguwa sai gabanta ya faɗi.

Ran kasuwa, rana ta take, tana cikin auna wa wata daddawa sai ta ga mutane na gudu wajen tasha. Wani ya ce 'yan sa-kai sun kama yara. Ba ta san lokacin da ta miƙe da ƙwaryar a hannu ba.

An zaunar da su a ƙasa cikin rana, hannuwa a ɗaure ta baya. Shugaban masu kamun, wani matashi da ake kira Yari, baƙo ne daga wajen Isa, yana riƙe da waya yana duba fuskoki. Wanda iyayensa suka tsaya masa, a ware shi gefe. Wanda ba shi da kowa, a ɗora shi a babur a yi bayan gari da shi, kuma kowa a wurin ya san waɗannan ba su dawowa. Ga Hafizullahi a tsakiya, jini na zuba daga leɓensa.

Yari ya ce, "Wa ya san wanga?"

Larai ta kutsa. Ya dube ta ya ce, "Inna, ɗanki na?"

Kasuwa guda ta zuba mata ido. Sai harshenta ya yi abin da ya saba tun tana amarya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na kakatai na."

"Ina kakar?"

"Ta rasu."

"To mi sunanai?"

Ta yi shiru. Da dattijo ne ke tambayar, nan take zai gane uwa ce a gabansa. Amma Yari ɗan zamani ne, nasa ɗan farin a kan cinyar matarsa yake wuni. Ya ce, "Kun gani ko? Ko sunanai ba ta sani ba. Ku ɗora shi."

Suka finciko shi suka jefa a babur. Bai kira ta ba, bai yi kuka ba. Kallonta kawai ya yi, kallon wanda dama bai sa rai ba. Wannan kallon ne ya tsinka ta. Ƙwarya ta suɓuce, daddawa ta watse.

"Hafizullahi!" Muryar ta fita kamar ba tata ba. "Hafizullahi ɗan Maliki! Ɗana na, ni na haihe shi! In za ku tahi da shi, ni ma za ni bi ku!" Ta rungume bayan babur, salansar babur ɗin na ƙona mata ƙauri, ba ta saki ba. Tsofaffin mata suka kama baki.

Sai Lauwali mai goro, wani dattijon Gangara, ya yi ta maza ya ce, "Yaro, ɗan hwarinta na. Kunya ta yi. Ƙotar fartanya ce ga hoton nan, duk garinmu mun sani." Wasu suka amsa. Yari ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa aka kwance shi. Ya ce in ya sake ganin fuskar nan a waya, ba zai tambayi kowa ba.

Suka hau bayan motar komawa Gangara. Ta riƙe masa wuyan hannu gam a gaban kowa. Sun yi nisa, sannan ya matso kusa da kunnenta, da kumburarren bakinsa, ya ce a hankali, "Yaya, ashe kin san sunana."