Mika'ilu da Injin da Ya Gagari 'Yan Jami'a

Shekara ashirin da shida Mika'ilu ya yi yana haska fim a wani gidan sinima na Treichville. Da aka rufe gidan aka mai da shi siton shinkafa, sai ya kafa rumfar gyaran fanka a unguwar 220 Logements. Gajere ne, mai saurin dariya, kuma ba a kawo masa fanka a tafi ba a sha labarin sinima ba.

Wata safiyar Litinin, wata malamar jami'a mai suna Zaituna ta yi sallama a rumfar. Ta ce ɗalibanta za su nuna tsofaffin finafinan da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashi da shari'ar waɗanda suka yi kisan. An aro musu wani fim a gwangwaninsa na ƙarfe, har da injinsa, amma injin ya gagari kowa.

"Baba, an ce kai kaɗai ka rage."

Mika'ilu ya miƙe zumbur har ya kifar da kwanon kusoshi. "Yaushe? Yanzu?"

"Sai Asabar."

"Kai, Asabar ta yi nisa, 'yata!"

A ranar sau uku ya ba matarsa Talatu labarin. Da ya je duba injin ya tarar bel ɗinsa ya tsinke, sai ya dawo gida ya lallaɓa ya cire na keken ɗinkinta. Tana ta faɗa, shi kuwa yana ta dariya a bakin ƙofa. Daga nan ya wuce kasuwa wurin abokinsa Bilya mahauci, wanda tun suna samari Mika'ilu ke mayar masa da Faransancin fim zuwa Hausa.

"Ka wanke rigarka, Bilya. Ran Asabar ni ne a kan inji!"

Ran Asabar bayan azahar mahauta bakwai, har da Bilya, suka shiga ƙaramar motar haya da ake kira gbaka daga Adjamé, Mika'ilu a gaba yana ce wa direba ya ƙara wuta. A zauren jami'ar an toshe tagogi da baƙin yadi. Ya zura fim, ya danna, injin ya ɗauki ƙara, haske ya bugi bango. Dattijo ya yi tsalle sau biyu, hularsa ta faɗi.

Can sai ya gane fim ɗin. Ya taɓa haska shi yana saurayi, amma maigidan sinimar ya sa shi yanke wurin shari'ar, wai 'yan kallo faɗa suke so. Bai taɓa ganin wurin a bango ba sai yau.

"Mika'ilu, fassara mana!" in ji Bilya.

Ya ɗaga murya daga bayan inji. "Wannan matar shaida ce. Ita kaɗai ta fito da rai a gidansu. Wancan mai tabarau shi ne shugaban sansanin da aka tsare su. Ya ce umarni kawai ya bi."

"Ƙarya yake yi!" Bilya ya daki kujera. Ɗalibai suka waiwayo, Malama Zaituna ta yi musu alama su ƙyale shi.

Sai matar ta nuna wa alƙalai lambar da aka zana a hannunta, ta fara kiran sunayen 'ya'yanta. Mika'ilu ya maimaita biyu, a na uku ya tsaya. Bai ƙara fassarawa ba har aka yanke hukunci, kuma ba wanda ya nema.

Da aka buɗe tagogi, ɗalibai suka yanyame shi, kowa yana son hoto da shi da injin. Ya goge ido da hannun riga, sannan ya shiga nuna musu yadda ake zura fim, yana magana da Faransanci da Hausa da Julanci a haɗe. Malama ta ce saura finafinai uku.

"Uku kacal? Ki nemo goma!"

Bilya kuwa ya tare ta a ƙofa. "Malama, da gaske an yi wannan abu?"

Ta ce matar 'yar wasa ce, amma kisan an yi shi, miliyoyin mutane, kuma an yi shari'o'in. Bilya ya ce a ajiye masa kujera biyu a gaba, mako mai zuwa da maiɗakinsa zai zo.

Tun daga lokacin, duk Asabar rumfar Mika'ilu a rufe take. Mai fanka sai ya dawo Lahadi.