Ranar da Mai Awon Kaya Ya Hau Jirgi

Shekara ashirin da uku na yi ina awon kaya a ƙaramin filin jirgin garinmu, har sunana ya koma Baba Sikeli. Ofishina ɗaki ne mai taga ɗaya, da kanta, da fanka mai ƙara, da taswirar da rana ta cinye wa launi. Jirgi ɗaya ke zuwa mana, mai kujera goma sha biyu, Litinin da Alhamis, ya kwashi mutane zuwa garin da ke bayan duwatsu. Mu da su duk a ƙuryar arewa muke. A mota sai an zagaye duwatsun, awa goma sha shida in hanya ta yi kyau. Ta sama kuwa kilomita ɗari biyu da sittin ne, minti hamsin da biyar.

Ba wanda ya kai ni iya faɗin waɗannan lambobi. In na ga fasinja yana zufa, sai in jingina da kanta in ce, "Haba malam, kafin shayi ya huce ka isa." Tsofaffi nawa na lallaba suka shiga! Ni kuwa ko matakalar jirgin ban taɓa takawa ba.

Da 'yarmu da ke aure a can ta haihu, mai ɗakina ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki zaman mota ba. Na kawo uzurin aiki, shugabanmu ya ba ni hutun sati. Na ce kujeru sun cika, ta ce, "Malam, ai kai ne mai rubuta sunaye."

Ranar Alhamis na auna jakarmu, na auna kaina. Matuƙin ya leƙo ya ce, "A'a, Baba Sikeli, yau da kanka?" Na ce masa aiki na zo dubawa.

Muna tashi na ƙanƙame kujera. Na runtse ido, na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Da na tabbata mun yi rabin hanya na duba agogo: minti huɗu. A saman duwatsu iska ta girgiza mu, na cafke hannun wani dattijo da ke gefena, wanda ni na lallaba shi bara. Ya bar mini hannun, ya ce a hankali, "Haƙuri, shayin bai huce ba tukuna." Mai ɗakina tana manne da taga tana kirana in ga kogi. Ban ga kogi ba. Ƙeyar matuƙi kawai na gani.

Muka sauka lafiya, na karɓi jikar tamu, kyakkyawa ce.

Da za mu dawo na ce ina son in ga ƙasa da kyau. Mai ɗakina ta bi jirgi, ni na bi mota. Taya ta fashe sau biyu, wani buhu ya kwanta mini a cinya tun daga tasha, muka yi awa ashirin da ɗaya. Na iso da kumburarrun ƙafafu, na tarar ta yi wanki har ya bushe. Ta kawo ruwan zafi a roba ta ajiye a gabana, ta zauna ta ce, "To, ba ni labarin ƙasar."