Kawu Iro da Kanarin Kango

Duk wanda ya san Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata, ya san ba a gaishe shi da hantsi. Kana buɗe baki zai ɗaga maka yatsa: "Shiru! Ana magana." Mai maganar kuwa kanari ne, a kan tsamiyar kangon da ke bayan gidansa a cikin birni. Wai nan kaɗai suka rage a unguwar, saboda ciyawar da suke cin tsabarta.

Ni dillalin filaye ne, ban iya ganin fili yana barci ba. Na taɓa kai masa wani Alhaji mai son sayen kangon nasa ya gina shaguna. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, akwai 'yan haya a ciki."

"Nawa suke biya?"

"Kullum da safe suke biya. Kai ka iya waƙa?"

Haka muka fita, ko ruwa bai ba mu ba!

Ranar da ya ga mai sayar da tsuntsaye da keji a ƙofar gida fa? Ya sa hannu ya zare ƙyauren, fir, suka tashi. Mutumin ya riƙe masa riga yana ihu a biya shi. Kawu ya ce, "Kai da ka ɗana musu danƙo, wa ka biya? Nuna min shi, in ba shi!"

Wata malamar jami'a mai binciken tsuntsaye ta taɓa zuwa. Cikin ladabi ta ce masa, "Baba, abin mataki-mataki ne. Akwai tsuntsun da aka ce yana da rauni, akwai wanda ke bakin ƙarewa, akwai wanda ya ƙare. Naka bai shiga ko na farkon ba."

Kawu ya miƙe har hularsa ta karkace. "Ashe aikin gwamnati ne! Sai ya kusa mutuwa za ku yi masa ƙarin girma?"

Ta yi dariya har da hawaye. Shi ko murmushi bai yi ba.

To, ga abin da ke ci min rai. Da Kawu ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba, 'ya'yansa suka sa inji suka kwantar da tsamiyar, suka fesa wa ciyawar magani. Babbansu ya zo min, babu kunya: "Yaya, a samo mana mai saye."

Na ce, "Ka nemi wani dillalin. In na ci la'adar wannan fili, Allah ya tambaye ni!"

Sun samu wani, mana. Dillalai ba su ƙare ba.

Jiya na bi ta lungun da hantsi, babu abin da ke tashi sai ƙarar injin bulo. Gara da bai ji ba. Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka tausaya wa marasa ƙarfi, Allah ya tausaya maka, ya sanyaya makwancinka. Amin.