Fankar da ta cinye mana kwana biyu

A ƙarshen zamanin jihar Gongola na sayi wata ƙaramar mota ta hannu, ina koyarwa a firamare, ina haya a Lokuwa. Yanar ido ta rufe wa mahaifina gani a Kwaja, sai muka ji wani likitan ido ya sauka Yola, zai yi aiki har Laraba ya wuce. Ran Lahadi na hau in ɗauko Baba. A hawan dutsen Kwaja lagireto ta tafasa, na buɗe bonet na tarar fanka tsaye cik. Da jarkar ruwa na ƙarasa, na ɗauki Baba, na lallaɓo da mu gari.

Da safe na kai ta wa makanikena, wani dattijo daga duwatsun Michika wanda ya tsufa a ƙarƙashin Fijo. Ya leƙa, ya nemi bel ɗin da ke juya fanka bai gani ba.

"Ticha, wannan fanka ba shi da igiya. Da me yana juya?"

Na ce da wuta, kamar ta ɗaki. Iyakar ilimina ke nan.

Ya lalubo fis ɗin wutar fankar, ya same shi a ƙone, ya sa sabo. Ya tayar da mota, muka zuba wa fanka ido, ba ta motsa ba. Ya kashe. Ya kankare bakin wayoyi, ya sake tayarwa, shiru, ya kashe. Ya haɗa ta kai tsaye da batir, ta juya har da iska.

"To yana da rai. Taurin kai ne."

Na ce mu bar ta a haɗe haka mu tafi. Ya ƙi, wai ba ya sallamar mota da ciwon da bai gani ba, kuma wayar na iya kamawa da wuta da tsoho a ciki. Na ji haushi, amma na ji tsoro.

Haka Litinin ta tafi, Talata ta bi ta. Ya kwance, ya ɗaura, ya tayar, ya kashe. Kullum minti ɗaya yake ba ta, don tausayin injin. Ni ina kan benci, na gaji da tsayuwa na gaji da zama. In na koma gida Baba yana zaune da hularsa da jakarsa a cinya, ya ce, "An gama?" In ce saura kaɗan.

Laraba da hantsi raina ya ɓaci. Ya tayar da ita ke nan na fara faɗa masa maganganu, shi ma ya mayar mini, muka manta da mota tana aiki. Muna cikin haka sai muka ji wuuu. Fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya.

Muka dubi juna. Ashe sai injin ya yi zafi take tashi. Fankar Fijo da injin take juyawa tun daga murɗa makulli, ita muka sani mu duka. Tun safiyar Litinin da ya canja fis motar ta warke.

Ya zauna a ƙasa ya ce, "Ticha, ka yafe ni." Na ja mota, na je na ɗauki Baba.

Mun isa Yola bayan la'asar, likita ya tafi tun azahar. Baba ya rayu shekara huɗu bayan haka, bai ƙara ganin fuskata ba. A hanyar dawowa, kusa da Gombi, fankar ta tashi. Baba ya karkata kunne ya ce, "Ai kuwa tana aiki da kyau."