Koriyar Tagar Inna

A shekarar da sojoji suka koma bariki na canza wa Inna taga. Kowa a lokacin yana jin an buɗe sabon shafi, mu ma'aikatan gwamnati har tafiyarmu ta sauya. Ina haya a Tarauni da iyalina, ita kuma tana tsohon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi tare da ƙanwata, tun bayan rasuwar Baba. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ko soro sai ta yi wata ba ta leƙa ba.

Tagar ɗakinta ta katako ce, ƙyaure biyu, da koren fenti da ya soma ɓarewa. Waje take buɗewa, kan lungu. Daidai saitinta akwai tagar wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, ba don mun haɗa jini ba, sai don tun suna amare suke maƙwabtaka da Inna. Ita ma ƙafa ta gaza. Kullum da hantsi Inna za ta tura ƙyauren nan ta tokare shi da ice, Gwaggo ta tura nata, su gaisa, su tambayi gwiwar juna. Suna da wata doguwar gora da suke rataya leda a bakinta, yau goro ya tsallaka, gobe daddawa ta dawo. Matan da ke zuwa inji da mai fura da 'yan garuwa, duk wanda ya hango koren ƙyauren a buɗe ya san Inna ta tashi lafiya, sai ya tsaya ya gaishe ta. Ba ta da wata fita da ta wuce wannan, ni kuwa ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Abin da na gani shi ne katakon da gara ta ci, da sauron da ke shiga, da kunyar abokan aikina in sun zo gaisuwa. Na tafi wurin masu haɗa tagar alminiyam. Mai shagon ya nuna mini kala-kala, mai farin gilashi, mai ruwan toka, sannan ya jawo wata mai duhu da ke sheƙi.

"Wannan ita ake yayi, Malam," in ji shi. "Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganinsa. Ga raga, ga ƙarfe. In don tsohuwa ce, an gama."

Wallahi har daɗi na ji. Na ce ga sutura ga zamani, me ya fi wannan? Ko kwana ban yi a kan maganar ba, balle in tambayi mai ɗakin.

Ranar da magini ya zo cire tsohuwar, Inna tana zaune a tsakar gida tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta dubi ƙasa ta ce, "Kai, ita wannan ɗin me ta yi?" Na yi ta zuba bayani kamar mai talla. Ta saurara har na gaji, ta ce, "To, Allah Ya yi albarka." Maginin ya nemi in bar masa katakon, na ce ya ɗauka, na ma gode ya rage mini shara.

Taga ta yi kyau, ban ƙi gaskiya ba. Amma gefe ake tura ta, kuma da ƙarfi, hannun Inna ba ya iyawa. Ko ƙanwata ta tura mata, rabi ne ke buɗewa, bayan rabin ga raga a kafe, ga sandunan ƙarfe. Gora ba ta da hanyar fita. Daga lungu kuwa, a buɗe take ko a rufe duk ɗaya, duhu ne kawai. Masu wucewa suka riƙa wucewarsu, wasu har su tsaya su gyara ɗankwali a jikin gilashin, Inna tana zaune bakin gado tana kallonsu. Gwaggo ba ta ji sosai, da ma rabin hirarsu da hannu da fuska ake yi. Ta ci gaba da buɗe tata tagar tana magana da gilashi na wasu kwanaki, daga baya ta daina.

Sau ɗaya Inna ta yi mini zancen. Na kai mata cefane ran wata Juma'a, ta ce, "Katakon nan, ba a samunsa kuma?" Na yi dariya, na ce haba Inna, ana ci gaba kina neman baya. Ta koma jan carbinta. Na ce a raina in an kwana biyu zan sa a cire ragar gefe ɗaya. Aiki ya sha kaina, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban sa an cire ba. Cikin ta biyun Allah Ya karɓi abarSa.

Ranar uku mutum biyu suka riƙo Gwaggo, suka tsallako da ita lungun da bai fi taku huɗu ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta dafa kaina ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri. Kai kwana uku ke nan da rashinta. Ni tun ranar da ka sa gilashin nan."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi mini. Na nemi maginin daga baya, ya ce katakon ya daɗe da shiga murhu.

Har yau in na bi ta Gyaɗi-Gyaɗi nakan shiga lungun. Tagar tana nan garau, ko tsaga ba ta yi ba. Ina kewar Inna, kewa mai ciwo, kuma in na tsaya a saitin ɗakinta na ɗaga kai, fuskata kawai nake gani.