Daddawar Dapaong

Shekaranjiya maƙwabciyata ta ɗora kalwa a wuta, warin ya tsallako katanga, sai na tuna da kakata da gidanmu na zangon Sokodé.

Kakata ba ta da mugunta, amma in ta yanke hukunci, ko limami ba ya sauya mata ra'ayi. Tun tana amarya take sayen daddawa wajen wata ƙawarta, kuma a ganinta duk wadda ba ta fito daga hannun matar nan ba ɓata miya ce.

Da baffana ya auro wata mata daga garin Dapaong, can arewa, sai ta zo da sana'ar uwarta. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, takan dafa kalwa yini guda, ta surfa, ta wanke, ta rufe a kwando kwana uku. Matan unguwa suka fara saye. Kakata ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta ce ta mutanen arewa ɗaci gare ta. To, maganar tsohuwa a zango ta fi rediyo. Kafin damina ta kankama, masu saye sun ɗauke ƙafa.

Wata rana daddawar kakata ta ƙare, babata ta ɗebi ta amaryar ta kaɗa miyar kuka, ba ta gaya wa kowa ba. Kakata ta suɗe kwano, ta dubi amaryar ta ce, "Kun ji daddawa! Ki koya, 'yar nan."

Babata ta ce, "Inna, ai tata ce."

Kakata ta motsa baki, sannan ta ce, "Dama na ji ɗan ɗaci daga ƙarshe."

Muka yi ta dariya, har da ni. Amaryar ba ta yi ba. Sai da na girma na gane cewa kakata ba ƙarya ta yi ba, da gaske ta ji ɗacin, amma sai bayan an faɗa mata mai ita. Dariyar nan tana ba ni kunya har yau.

Yanzu ina aiki a Dapaong, can baffana ya koma da iyalinsa. 'Ya'yansu dunƙulen kanti suke jefawa a miya. Bara na roƙi matar ta koya mini yin daddawa. Ta dubi tafin hannunta ta ce, "Ɗiyata, tun waccan shekarar ban sake dafa kalwa ba. Na manta."